Tazarcen Alkasum Maɗinki

Alkasum maɗinki ne a tsohon garin Agadas, shagonsa na cikin wani lungu da ake hango hasumiyar babban masallaci daga ƙofarsa. Ya yi makarantar lise har ajin ƙarshe, ya faɗi jarrabawar bak sau biyu, amma darasin filo, wato falsafa, ya manne masa kamar ƙarangiya a wando. Yana saurayi ƙasar ta tashi neman demokaraɗiyya, kuma yana cikin ɗaliban da suka yi ta zanga-zanga har muryarsu ta dushe. Daga baya ya gaji keken ɗinkin kawunsa, ya auri Habsatu, ya zauna. In zaɓe ya zo shi ke ɗinka wa kowace jam'iyya riguna, yana cewa almakashinsa bai yanki katin kowa ba.

Kamar kowane lungu, nasu ma yana da fada: benci biyu, tabarma, furno na hura gawayi da butar shayi, da maza goma sha wani abu da ke taruwa bayan la'asar. Shekara da shekaru ana shan shayi lafiya, sai Alkasum ya ce bai kamata mutane masu hankali su zauna ba tsarin mulki ba. Ya tsara musu. Shugaba zai yi manda, wato wa'adin mulki, na shekara biyu, sau biyu kawai. Mai sayen sukari daban, mai dafa shayi daban, mai raba gardama daban, domin a cewarsa wani Bafaranshe na zamanin da ya nuna iko in ya taru a hannu ɗaya ruɓewa yake. Ladar shugaba kuwa ita ce kofin farko da kujera mai jingina, wadda ita kaɗai ce a fadar. Aka yi zaɓe, Alkasum ya ci.

Mulkinsa ya yi daɗi, sai dai jinkiri. An taɓa kaɗa ƙuri'a kan a sa na'ana'a ko kar a sa, kafin a gama mahawara gawayi ya zama toka. Issouf mai gyaran rediyo ya naɗa kansa madugun adawa, ba abin da Alkasum zai faɗa bai soka ba.

Manda na biyu na gab da ƙarewa aka shiga haukan zinariya a Djado, rabin matasan fadar suka tafi. A lokacin ne Alkasum ya fara cewa jama'a na matsa masa ya zarce, shi kuma ba ya iya watsa wa jama'a ƙasa a ido. Ba wanda ya san wace jama'a ce. Ya kira referandom ana shirin bikin Biyanu, lokacin da rigar kowane mai ƙuri'a ke shagonsa ba a gama ta ba. Kowa ya ce i, ban da Issouf. Ranar biki Issouf ya fito da riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Da Habsatu ta ji labari, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ashe zanga-zangar da ka yi kana yaro, don kujerar ba taka ba ce."

Ya yi mata bayani mai tsawo kan bambancin mai kama-karya da uban ƙasa. Ta ce ya miƙo mata faifai.

Bai daɗe yana cin tazarcen ba Mourtala, ɗaya daga cikin matasan fadar, ya dawo daga Djado da sabuwar mota da sabon tumbi. Wata rana Alkasum ya je kasuwa sayen zare, ya dawo ya tarar da Mourtala a kan kujera, butar shayi a tsakanin ƙafafunsa. Mourtala ya sanar cewa ya dakatar da tsarin mulki don ceto fada daga rikici, kuma zai mayar da mulki da zarar abubuwa sun daidaita. Aka yi tafi, domin ya zo da gasasshen nama tire guda. Alkasum ya duba ko wani zai tsaya masa, ya ga kowa baki cike. Ya nemi gefen tabarma ya zauna, abin ya yi masa zafi ƙwarai.

Gaskiya mulkin Mourtala ya yi aiki. Shayi na zuwa kan lokaci, ya kawo tele da farantin hasken rana, ya sa aka yi rumfa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba gardama. Ba ta siyasa, ba ta ƙwallo, ba ta farashin albasa. Issouf ne ya fara shan kora, don ya ce sukari ya yi yawa. Ya rasa inda zai je sai shagon tsohon abokin gabarsa. Alkasum ya karɓe shi hannu biyu, ya kuma rage masa hannun rigar nan ba tare da wani ya ta da maganar ba.

A nan Alkasum ya gano cewa adawa ta fi mulki daɗi. Tunda an hana gardama, sai ya koma tambaya. Wata la'asar ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe, tambaya ce kawai. In mutum ya gyaɗa kai bakinsa cike da namanka, yarda ya yi ko tauna yake?"

Wasu suka ƙware don dariya. Mourtala ya ce wannan gardama ce ta sa rawani, ya kore shi.

Korarrun biyu suka riƙa zama ƙofar shago suna musu kan komai, ba shayi ba nama. Ɗaya bayan ɗaya mutanen fada suka fara zamewa, wai za su duba ɗinki, su zo su tsoma baki. A hankali Mourtala ya rage daga shi sai tele. Ya jure na wani lokaci, sannan ya ɗauko buta da kansa ya kawo, ya ce abubuwa sun daidaita, kuma dama yana da lodi zuwa Séguédine.

Aka rasa wanda za a ba mulkin. Ba mai son a maido Alkasum, ba mai yarda da Issouf. Alkasum ne ya tuno cewa Girkawan zamanin da ƙuri'ar sa'a suke yi, a zuba sunaye a jawo ɗaya. Aka zuba a hula, ta faɗa kan Hassane, wani dattijo mai kawo kayan lambu daga Dabaga, wanda sai ranar da ya shigo gari ake ganinsa. Ya roƙi a yafe masa, aka ƙi. Tun daga nan haka ake yi duk shekara, kuma ba ta taɓa faɗawa kan Alkasum ba.

A ƙuri'ar bara, bayan an jawo sunan wani, Issouf ya zazzage hular ya tarar da sunan Alkasum har uku. Alkasum ya ce ɗaya nasa ne na ɗan ƙasa, ɗaya na tsohon shugaba, ɗaya na wanda ya kawo shawarar. Fada ta saurare shi har ya gama, sannan ta yanke masa wankin kofuna na wata guda. Ya tsuguna bakin bokiti da furfurarsa yana wankewa, yana gaya wa duk mai wucewa cewa a faɗin Agadas fadarsu kaɗai ce doka ta taɓa kama babban mutum.