Rabin Kitso a Sakkwato

Tun da na yi wayo, sau biyu kawai na taɓa ganin Inna zaune rana tsaka hannunta ba komai: da ta haifi ƙanena, da kuma lokacin da Baba ya rasu. A ƙauyenmu, can gindin duwatsu, tafiyar hantsi daga Galma, mace ba ta zama haka kawai. In ka ga ta zauna ana kai mata abinci har inda take, to ko jego take yi, ko ciwo ya kayar da ita, ko takaba.

Baba ya rasu ana tsakar noman fari. Wata huɗu da kwana goma Inna ta yi a ɗaki bisa tabarma guda, ana miƙo mata ƙwaryar fura ta bakin ƙofa, masu gaisuwa su zo su yi ƙasa da murya su tashi. Ranar da ta fita takaba kuwa sai ta afka wa aiki ba ji ba gani. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta je rijiya sau uku, ta dawo ta kama yaɓen rumbu wanda ba ma aikinta ba ne. Mutane suna ta yabo, wai ta yi haƙuri. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita na san ba haƙuri ba ne, gudu take yi. Kullum zanenta sai ya ƙara zagaye ta, abinci kuma loma uku ta ture. Ina da shekara goma sha uku, na riga na rasa uba, kuma tsoro nake ji sosai kada ita ma ta bi shi.

Ana haka fataken albasa na garinmu suka dawo daga Sakkwato da saƙo. Inna tana da yaya guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda wata gwaggonsu ta tafi da ita can a shekarar babbar yunwa don a rage baki a gida. Inna tana da shekara bakwai lokacin. Tun daga ranar ba su sake haɗuwa ba, sai gaisuwa a bakin fatake. Saƙon ya ce ta ji rasuwar, kuma tana roƙon ƙanwarta ta zo ta yi Sallar Layya a wurinta, ta huta. Inna ta ce wa zai yi daka. Ƙanen Baba ya ce gidan ba zai rushe ba, ya ɗauki ƙanena ya kai wa matarsa, ni kuma aka ce in raka ta.

Kwana shida muka yi bisa jakai tare da fatake, ta Madawa da Ƙonni, inda 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, suka zazzage mana kaya suka ga ba komai sai gari da kuka. Ranar ta shida muka iso gulbi. Ni 'yar dutse, ban taɓa ganin ruwa yana tafiya da rani ba. Da aka sa mu a kwalekwale na rufe ido na ƙanƙame Inna, ina karanta duk abin da na iya, har wanda ban iya ba. Da na buɗe ido sai ga ganuwa da soraye bisa tudu.

Ba mu gama sallama a zaure ba wata mace ƙatuwa ta fito a guje ba takalmi, hannunta duk gari. Fuskar Inna ce sak, sai dai an ƙara mata nama. Ta yi ihu, "Auta!" Na waiwaya in ga da wa take. Ashe da uwata take. Suka rungume juna suka durƙushe nan ƙasa suna kuka, jakin da ya kawo mu yana tsaye da kaya ba wanda ya kula shi.

Inna Babba, haka na riƙa kiranta, mijinta baduku ne, gidan kullum warin jar fata yake. Mace ce mai murya, ba ta iya magana a hankali sai in ta tuna. Ta share ɗakinta mafi kyau, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a kan gado, ta saki asabari a ƙofa, ta zaunar da Inna. Sannan ta tara mutanen gida ta kafa doka: duk wanda ya bar ƙanwarta ta taɓa ko tsinke ne, ita da shi.

Ni kam na ji daɗin dokar nan, ba zan ɓoye ba. Na yi barci har rana ta shigo ɗaki, abin da a gida zai jawo mini rankwashi. Na ci tuwon shinkafa da kifi, na sha rake har leɓena ya tsage. Inna Babba tana da 'ya wadda ta girme ni da shekara guda, ita ta riƙa yawo da ni. Ta kai ni marina na ga maza suna tsoma farin zane su ɗago shi kore, yana shan iska yana komawa baƙi a gabana. Ta kai ni kasuwa inda na ɓata sau biyu, ta kai ni ƙofofin gari tana faɗa mini sunayensu ina mantawa. Tana yi mini dariya wai ina tafiya ina ɗaga ƙafa kamar har yanzu duwatsu nake tsallakewa. Ni kuma na ce su mutanen birni ko hatsi da dawa ba su bambancewa sai an dafa. Daɗi ya ɗauke mini hankali, na manta abin da ya kawo ni.

Inna kuwa tana bayan asabari. Ranar farko ta fito ta ɗauki tsintsiya, aka karɓe. Kashegari ta ji ana daka ta fito ta kama taɓarya, Inna Babba ta taso daga murhu ta fizge, tana cewa, "Haba Auta, cikin gidana? Koma ki zamna." Maƙwabta suka riƙa zuwa gaishe da baƙuwa, Inna Babba tana tare su a tsakar gida tana ce musu su yi magana sannu, kada su gajiyar da ita. Abinci kala-kala ake miƙa mata ta ƙofa. Ita kanta Inna Babba ba ta zauna da ita ba ko na tauna goro ɗaya, tana can tana fama da tukwane don ƙanwarta ta ci mai kyau. Kwanukan suna fitowa kusan yadda suka shiga.

Saura kwana uku Salla, na dawo da hantsi bakina duk maiƙon ƙosai, na tarar da Inna tana ninke zannuwanta.

"Ɗaure muna kayanmu," in ji ta. "Hwatake gobe za su koma, da su za mu."

"Inna, Salla hwa saura kwana ukku!"

"Ni na ƙare takabata gida. Ban zo garin mutane in sake wata ba."

Sai a lokacin na dubi ɗakin da idonta: tabarma guda, asabari a sake, ƙwarya a bakin ƙofa. Na ce to ta gaya wa yayarta mana.

"In hwaɗa mata mi? Ta yi min alheri, in ce ba ni so? Ruhe bakinki ki yi abin da nic ce."

Raina ya ɓaci da su duka biyun. Ɗaya ta kashe kanta da hidima ba ta ga abin da ke gabanta ba, ɗaya kuma ta gwammace ta yi kwana shida bisa jaki da ta buɗe baki ta yi magana guda. Na san in muka tafi haka, shi ke nan tsakaninsu, Inna kuma za ta koma ta ci gaba da ƙarewa a gindin turmi. Ban ɗaure kayan ba. Na fita na sami Inna Babba tana tuƙa tuwo, na tsaya a kanta ko durƙusawa ban yi ba, rashin kunyar da har yau in na tuna sai na ji nauyi.

"Inna Babba, kin sa ta ɗaka, kin saki asabari, ana miƙa mata ƙwarya ta ƙohwa, kin ce a yi magana sannu. Haka anka yi mata wata huɗu da Baba ya rasu. Ta ce gobe za mu tahi."

Ta ɗago muciya, na ɗauka a kaina za ta sauke ta. Sai ta ja baya ta zauna a kan turmin da ke kife. Tuwo yana ta fashe-fashe a tukunya.

"Rad da anka tahi da ni, daka nike," in ji ta, a hankali, ba tare da ta tuna ba. "Na aje taɓarya, ita tad ɗauka. Taɓaryar ta hi ta tsawo. Ina bisa jaki ina jin dakan nan nata har munka sha kwanar dutse. Shekara ashirin da wani abu ina jin shi. Nic ce in Allah ya kawo min ita, ba ta taɓa taɓarya gidana."

Ta share fuska da bakin zane, ta kira 'yarta ta danƙa mata muciya. "Gidan ga naku na har bayan Salla, ke da wagga mai baki. In kun ƙona, ku ci." 'Yar ta tsaya baki buɗe, domin uwarta ko gishiri ba ta taɓa barin wani ya sa mata a miya ba.

Inna Babba ta jawo tabarma ta shimfiɗa a inuwar ceɗiyar tsakar gida, ta naɗe asabarin nan ta jefa bisa rufi, ta shiga ta kamo Inna a wuyan hannu. "Taho ki taya ni zama, Auta. Ni ban iya shi ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta iya ba. Suka zauna gefe da gefe kamar masu jiran alƙali, kowace ta rasa inda za ta sa hannunta. Inna Babba tana ta leƙen murhu tana ƙwala mana kira, a rage wuta, a motsa, a rufe. Can Inna ta ce, "Yaya, ai kin ce zama za mu yi." Inna Babba ta harare ta, ta kai hannu da wasa ta zare mata ɗankwali.

Gashin Inna ya dunƙule ya zama kamar saƙar tsuntsu. Kitson da Baba ya rasu ya bari ne a kanta, wata bakwai ba ta tsefe ba. Ni da nake kwana kusa da ita ban sani ba, domin ba ta taɓa cire ɗankwali a gabana ba. Kunya ta kama ni, da tausayi. Inna ta kai hannu za ta rufe, yayarta ta riƙe hannun. Sai ta ce in kawo man shanu da matsefi, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da kan Inna a cinyarta.

Tun kafin azahar take tsifa, sili-sili, tana shafa mai. Suka yi salla suka dawo ta kama kitso. Tana yi tana tambaya: tsohuwar rijiya tana nan? Tsamiyar bayan gida fa? Wane yana da rai? Inna tana amsawa, wani wurin ta yi hawaye, wani wurin na ji ta yi dariya a kan wata akuyarsu da ta taɓa cinye wa liman rawani a shanya. Sannu a hankali amsar ta riƙa gajarta, har ta ɗauke. Inna ta yi barci, rana tsaka, bakinta a ɗan buɗe, gefe ɗaya na kanta a kitse ɗaya a barbaje.

Inna Babba ta saki gashin ta ɗauki mafici. Ƙafarta ta mutu, na ga tana cije leɓe, amma ba ta motsa ba. Tuwonmu ya ƙone, ƙauri ya cika gida, ko kallon murhu ba ta yi ba. Na zauna gefe ina kallonsu. Ban taɓa kawowa a raina uwata ƙanwar wata ba ce, yarinyar da aka tafi aka bari, sai ranar. Na ji ina sonta irin son da ban san ina da shi ba.

Bayan la'asar aka yi sallama daga zaure, madugun fatake ne yake tambaya ko a ɗaura mana jaki da asuba. Inna Babba ta dube ni, na dube ta. Inna ba ta ko buɗe ido ba ta ce, "Ki ce su tahi. Wa ka tahiya da rabin kitso?"

Sai da wata ya mutu wani ya tsaya muka bar Sakkwato. Mun ci naman layya har ya ishe mu. Su biyun sukan yafa mayafi da hantsi su tafi ziyara Hubbare, ko su zauna bakin gulbi suna kallon masunta, su dawo suna gardamar wadda ta fi tsoron ruwa. Inna ta yi kumatu. Ba a daɗe ba yaƙin Turawa ya rufe hanya, kafin a buɗe kuma Inna Babba ta riga mu gidan gaskiya, ba su sake ganin juna ba.

Kitson nan kuwa, wanda kowace makitsiya za ta gama a wuni ɗaya, sai jajibirin Salla aka ƙare shi. Inna Babba takan kitsa layi biyu, ta karkata kai ta duba, ta ce wannan ya karkace, sai an sake. Inna ta san babu abin da ya karkace. Takan gyara kwanciya kawai a cinyar, ta lumshe ido, ta ce, "To, Yaya, warware."