Farar Saniyar da Baba Ya Zana

Jiya na shiga wani shago a Batha, warin fentin mai ya bugi hancina. Haka ɗakin Baba yake wari, dattijon da muka yi maƙwabtaka da shi a nan Riyad.

Fentin gidaje yake yi a Dir'iyya, amma ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya jingina katako a bango ya hau zanen dabbobi. Ban taɓa ganin ya zana raƙumi ba. Shanun garinsu kawai yake zanawa, farare masu dogon ƙaho.

Wata rana na je masa da 'yata Hafsa, wadda aka haifa a nan, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta nuna zanen ta ce, "Baƙara!"

Ya ce, "A'a, jikata, saniya ce. Ce saniya."

Ya kama yatsanta ya tsoma a farin fenti, ya sa ta shafa tozon. Can ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗana, na fara manta yadda kunnuwansu suke. In na koma gida zan zauna a gabansu in gyara."

Bai koma ba. Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi, muka binne shi a nan, babu danginsa ko ɗaya a wurin. Har yau Hafsa tana tambayata yaushe kakanta zai dawo, ni kuwa ban gaya mata ya rasu ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka isa gidan da babu baƙunta a cikinsa.