Baba Sannu, Direban da Bai Taɓa Kallon Wasa Ba

Kafin mawaƙa su gama neman takalmansu, Baba Sannu ya riga ya zagaya bas ɗin. Zai duba mai da ruwa, ya ƙwanƙwasa kowace taya da 'yar sandarsa, sannan ya hau sama ya ja igiyar da aka ɗaure lasifikoki da ganguna. Tun ba a haife ni ba yake tuƙa ƙungiyar da yayata take waƙa a ciki. Mai ganga ne ya laƙaba masa sunan, wai ko mai keke ne ya taho sai Baba ya ba shi hanya.

"Baba, yau ne wasan fa, ba baɗi ba!" in ji mai ganga.

"Kai dai rungume gangarka, ɗan nan. Da ranka zan kai ka."

Doka ɗaya gare shi. Da an sauke kaya, jama'a sun fara cika zauren wasa, sai ya koma bas, ya shimfiɗa bargo a kujerar baya, ya rufe fuska da hula. Ana buga gangar farko barci zai ɗauke shi. Ya ce wanda zai kwashi mutane bayan an tashi ba shi da rabo a kallo. Gari nawa, zaure nawa, bai taɓa ganin yayata a kan dandamali ba. Ta bangon mota kawai yake jiyo ta.

Baba, kai ne wanda birki ya ƙwace maka a gangara, ka bi da giyar motar har ka tsayar da ita a yashi, mai jita na baya bai ko farka ba. Kai ne mai tsayawa ba a roƙe ka ba idan ka hangi wani ta madubi ya dafe ciki. An tafa wa kowa, kai kana cikin bargo.

Bana likita ya ce idon Baba ya yi yana, ya ajiye tuƙi. Ƙungiya ta samo sabon direba, ta tanadar wa Baba kujerar gaba a wasan yammacin nan, yayata kuma ta shirya masa waƙa. Burin kowa ya gani ko sau ɗaya, tun idon na iya rarrabe fuska. Matarsa ta goge masa riga. Ya zauna hannuwa bisa gwiwa kamar baƙo, yana kanne ido saboda fitilu.

Mai ganga ya ɗaga sanda ya buga. Kan Baba ya fara sunkuyawa.

"Malam, tashi mana, kai ake wa waƙar!" in ji matarsa, tana mintsininsa.

Ya buɗe ido ya ce, "An ɗaure kayan?" Ya koma barci.

Jikin da ya horar shekara da shekaru ya ƙi saɓa masa. Jama'a suka miƙe suna tafi, yayata tana nuna shi da hannu tana rera waƙar, shi kuwa hula ta zamo masa bisa hanci.

Da aka tashi ya kamo hannun mai ganga. "Ya yi kyau?"

Mai ganga, wanda bai taɓa rasa abin tsokana ba, ya sunkuyar da kai. Baba ya bubbuga kafaɗarsa.

"Bari kawai. Na san ya yi, tunda na yi barci mai daɗi."

Abin da ke ci mana rai, duk shekarun nan babu wanda ya yi tunanin ɗauko wani direba na yini guda, ya ce Baba zo ka zauna. Sai da lokaci ya ƙure.

Mun gode, Baba Sannu. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da alheri. Matasan direbobi, ku koyi haƙurinsa. Ku kuma da kuke da irinsa a kujerar baya, ku je ku tashe shi yau, tun yana iya kallo.