Ranar da Na Juya wa Surukina Baya

Cikin duk shekarun da na yi a asibitin bariki a Omdurman, ranar da ta ƙi fita a raina ita ce ranar da aka kawo surukina gwajin fitsari.

Lokacin mulkin soja ne. Ni farar hula ne, aikina wankin kwalabe a ɗakin gwaji. Shan ƙwaya da wiwi, wadda a nan ake ce wa bango, ya yi yawa a tsakanin sojoji, sai aka ba da umarni a gwada kowa. Ƙa'idar ita ce soja ya shiga banɗaki da kwalba, shaida ya tsaya yana kallonsa har ya gama, don kada ya musanya ko ya ƙara ruwa. Ko buta ba a bari a ciki. Ma'aikatan jinya duk suka zame, sai Dakta Usman, shugaban ɗakin, ya ɗora ni a kan aikin shaidar. Ban iya karatu ba a lokacin, don haka bayan kowane mutum yatsa nake dangwalawa a takarda, shaidar na gani da idona. An gaya mini duk wanda ya dangwala a kan ƙarya ya bar aiki.

Wata Talata da hantsi aka sauke mota guda ta sojoji daga wata rundunar. Ina kiran na gaba, sai ga Baba Haruna, mahaifin matata Hauwa. Shawish ne, wato saje, saura kaɗan ya yi ritaya. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, in na je gidansa a unguwar Mayo daga zaure nake durƙusawa. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon garu. Na waiwaya neman wanda zai karɓe ni, babu kowa sai layin sojoji suna jira.

Ya ce a hankali, "Idi, babu buta ne?"

Na ɗauko tawa na miƙa masa. Muka shiga, na juya masa baya, na fuskanci ƙofa. Ya daɗe. Na ji ƙarar ruwa, ban san na mene ne ba. Da ya fita na tsaya da takardar a hannu, sannan na dangwala.

Washegari Dakta Usman ya kira ni. Akwai wani mulazim a zaune, wato laftanar. Dakta ya ɗaga kwalbar ya ce yawancinta ruwan famfo ne. Mulazim ya tambaye ni ko yatsana ne a takardar, na ce nawa ne. Ya ce to me na gani? Na ce ƙofa.

"Nawa ya ba ka?"

"Ranka ya daɗe, uban matata ne."

Ya ce to sai me, ba namiji ba ne kamar kowa? Na yi ta neman yadda zan bayyana masa da Larabci, na kasa. Dakta ya roƙa mini arziki, aka ce a sake gwajin da wani shaidan, sakamakon ne zai yanke hukuncina. Kwana uku ban faɗa wa Hauwa komai ba.

Sakamakon ya fito, babu komai a jikin Baba. Aka bar ni a bakin aiki, amma aka fitar da ni daga ɗakin gwaji zuwa sharar tsakar bariki, kuma can na ƙare.

To me ya sa ya zuba ruwan? Wani ma'aikacin jinya ya ce kwana biyu sun isa ƙwaya ta bar jiki. Hauwa, da ta ji daga baya, ta ce fitsarin ne ya ƙi zuwa don ina tsaye, shi kuma ba zai fito da kwalba babu komai a gaban ƙananan sojoji ba. Baba ya rayu shekaru bayan haka, ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Ku da ke aikin yanzu, kwalba tana nuna abin da ke cikinta ne kawai. Kuma in an sa ku shaida, ku nemi a karanta muku sunayen tun da safe, ku faɗi wanda ba za ku iya kallo ba kafin ya iso ƙofa.