Sakatariya da Cinikin Sunayen Intanet

Har yau Sakatariya ake ce mata a layinsu, ko da yake kamfanin tayoyin da ta yi wa aiki ya daɗe da rufewa, ginin ma an mai da shi wurin ajiye siminti. Ta shiga aikin tana budurwa, lokacin da keken rubutu ke ƙara kamar ana faskare, ta bar shi da furfura a gefen kunne da tabarau mai igiya. Teburinta yana bakin ƙofar Manaja, ƙarƙashin wata fanka mai watsa takardu, sai ta riƙa danne su da guntun ƙarfe. Ita ke amsa waya, ita ke buga wasiƙu, ita ta san wane direba ne ba ya ga maciji da wane ma'aji. Da aka kawo kwamfuta, mazan ofis suka yi ta kewaye ta daga nesa kamar za ta cije su. Ita ta zauna ta koya, don ba ta da na ƙasa da ita da za ta tura wa aikin.

Wata safiya wani mai sayen kaya ya bugo waya yana tambaya ko kamfanin ya mutu ne. Ya ce ya buɗe shafinsu na intanet bai ga taya ko ɗaya ba, sai wani rubutu da ke cewa sunan nan na sayarwa ne. Aka kira mai gyaran kwamfuta, ya duba, ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, sunan shafin dama ba naku ba ne. Haya kuke yi, shekara-shekara. Tsohon akantanku ne ke biya, da ya tafi ba wanda ya biya. Sunan ya faɗi, wani ya tsince."

Manaja ya ce, "Sunan da mahaifina ya raɗa wa kamfanin nan? Ga shi can a jikin bango."

"Na bango naku ne. Na intanet na wanda ya riga yin rajista ne."

Sakatariya ce ta yi ta musayar imel da mutumin da ya tsinta. Manaja yana tsaye a kanta yana zuba zagi, ita tana mai da zagin gaisuwa kafin ta aika. Mutumin kuwa layi biyu yake rubutowa, cikin ladabi, farashinsa bai motsa ba. A ƙarshe aka biya shi abin da ita sai ta yi watanni tana aiki kafin ta gani. Abin ya tsaya mata a rai. Mutum bai ɗauki taya ba, bai shaƙi warin roba ba, ba a ma san a wace ƙasa yake zaune ba, amma ya sayar musu da abin da suke kira nasu, har Manaja yana godiya da sunan ya dawo.

Da kamfanin ya durƙushe aka ba ta kuɗin sallama, shawara ta yi mata yawa. Wasu suka ce ta sayi firji ta sayar da ƙanƙara, wasu suka ce keken ɗinki. Ita ta ce sunaye za ta saya. Ta kafa tsohuwar kwamfutar ofis a kan teburin cin abinci, ta ture kofuna gefe, ta shiga kallon bidiyon masu koyar da sana'ar. Wani saurayi mai fararen haƙora ya ce gajeren suna shi ne zinariya. Wani ya ce gajerun duk an kwashe, dogo mai ma'ana za a nema. Wata mata ta ce duk wanda ya saurari biyun nan ya yi asara. Sakatariya ta yarda da kowannensu a lokacin da yake magana, sai ta sayi irin na kowa. Ta sayi kalmomin da suka yi mata daɗi a kunne, da waɗanda ta gani a bayan motocin kaya, da duk abin da ya shafi taya, tunda shi ta sani. Har wani tarin sunaye ta saya a gwanjo, a dunƙule, ba ta gama karanta su ba.

Mijinta tsohon direban bas ne, ciwon baya ya zaunar da shi. Ya bar ta ta yi kwanaki kafin ya jawo kujera.

"To nuna min kayan."

Ta juya masa kwamfutar. "Ga su nan, Malam."

"Wannan ai rubutu ne."

"Rubutun ne kayan."

"In na ɗauko biro na rubuta irinsa a takarda fa?"

"Naka ba shi da rajista."

"In wani ya saya, a me za ki ba shi?"

Ita ma ba ta taɓa sayarwa ba balle ta sani. Ta ce akwai inda ake dannawa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa kwatancen hanyar da ya san ba ta ɓullewa, ya koma tabarmarsa.

Mahaifiyarta, Inna, wadda ke zaune tare da su kuma kunnenta ya yi nauyi, ita ta fahimci abin ta wata fuska. Duk baƙon da ya shigo gaishe ta sai ta gaya masa 'yarta yanzu sunaye take sayarwa, masu kyau, na ƙasar waje. Ba a jima ba wata maƙwabciya mai tsohon ciki ta yi sallama, ta zauna tana wasa da bakin mayafi, can ta tambaya a hankali nawa ne na namiji. Sakatariya ta yi ta bayani har ruwan da ta kawo wa baƙuwar ya huce. Matar ta tafi da yaƙinin an raina aljihunta ne.

Watanni suka wuce shiru. Kullum da safe Sakatariya takan yi wanka ta sa kayan fita, ta zauna gaban kwamfuta kamar tana ofis, ta buɗe imel. Ba komai sai tallan wasu sunayen. Takan rasa ko aiki take yi ko zaman banza. In ta tashi ta ɗora tukunya sai ta ji kamar ta bar shago a buɗe, in ta dawo ta zauna sai ta ga ba abin da za ta taɓa.

Sai ga saƙon farko. Wani ya ce yana son ɗaya daga cikin sunayen taya, ya ambaci kuɗin da ya sa ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sharaɗinsa ɗaya ne, ta fara kai sunan wani wuri da ya nuna mata, su kimanta darajarsa su ba da shaida. Ta biya kuɗin kimantawar. Shaidar ta zo da zanen zinariya a gefe, ta ce sunan ya ma fi abin da mutumin ya taya. Ta tura masa. Daga nan ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Autarta, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta biyo gidan bayan ta tashi daga aiki, ta karanta saƙonnin a tsaye da jakarta a kafaɗa.

"Mama, mai sayen da masu kimantawar ai mutum ɗaya ne. Kuɗin shaidar yake so, ba sunan ba."

"To amma sun ce sunan yana da daraja."

"Za su ce ba shi da ita ne?"

"Ke nan ba shi da ita?"

"Ni ina na sani, Mama. Ni allura na iya."

Abin da ya fi damun Sakatariya ke nan, ba kuɗin da suka tafi ba. An cuce ta, ta yarda. Amma ba wanda zai iya gaya mata ko abin da ke hannunta dukiya ne ko iska.

Ba ta gama farfaɗowa ba wasu lauyoyi suka rubuto mata. Cikin sunayen gwanjon nan akwai wanda ya yi kama da na wani kamfanin man inji, harafi ɗaya ya raba su. Suka ce ta miƙa shi ko su haɗu a gaban hukuma. Ta nemo lambar mai gyaran kwamfutan tsohon ofishinsu ta kira shi.

"Ba haka mutumin nan ya yi mana ba? Mu biyan shi muka yi, ni kuma ana min barazana."

Ya ce, "Anti, sunan kamfaninku kalmomi ne na kowa da kowa. Waɗannan kuwa sun yi wa nasu rajistar tambari, kuma suna da lauyoyi."

"To shi abin da ya yi mana ciniki ne ko ƙwace?"

"Ya danganta."

"Da me?"

Ya yi dariya ya ce katin wayarta zai ƙare. Ta miƙa wa lauyoyin sunan ba musu, har da ban haƙuri irin na ofis. Ta yi kwanaki tana jin kamar an kama ta da kayan sata a jaka, alhali ta san ta biya kuɗin kayan.

Sai shekara ta zagayo, saƙonnin sabunta haya suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ta san da maganar hayar, da kunnenta ta ji ta a ofishin Manaja. Abin da ba ta zauna ta hango ba shi ne duk sunayen za su miƙo hannu kusan lokaci guda, kuma ko ɗaya bai kawo ko sisi ba. Abin da ya rage na sallama ba zai riƙe rabinsu ba. Ta zauna ta kasa zaɓa, kowanne ta duba sai ta ga kamar shi ne zai fashe gobe.

Mijin ne ya jawo kujera a karo na biyu. Ya ce, "Mota in ta yi nauyi a hawa, saukewa ake yi. Karanto min." Ta riƙa karantawa da ƙarfi, shi yana kallon silin yana yanke hukunci. Wanda ya sarƙe masa harshe ya ce a sauke. Wanda ya yi masa daɗi ya ce a tafi da shi. Inna tana gefe tana cewa amin bayan kowane suna, a zatonta addu'a ake wa jikoki. Da suka kai kan wata gajeriyar kalma daga tarin gwanjo, wadda ba ta da ma'ana a duk harshen da suka sani, Sakatariya ta ce wannan kam shara ce. Shi ya ce a bar ta, ta yi masa kama da ƙarar birki.

Ita ce aka fara saya. Ba ciniki, ba gaisuwa. Wata rana da hantsi saƙo ya zo daga kasuwar intanet inda ta jera su, cewa an biya farashin da ta sa, farashin da ta rubuta da ka kawai don wurin ya ƙi karɓar fanko. Ta ɗauka wata cutar ce, ta ƙi taɓa komai sai da Auta ta zo ta duba. Kuɗin suka shigo banki da gaske. Ta rubuta wa mai sayen godiya, ta tambaye shi cikin ladabi me zai yi da kalmar, ko don ta san irin wadda za ta ƙara nema. Bai amsa ba. Ta yi ta leƙa shafin, fari fat, har ta gaji. Can bayan wani lokaci sai ga hotunan ƙananan kifaye masu launi a cikin gilashi, da rubutu cikin harshen da ko haruffansa ba ta taɓa gani ba.

Mijin ya fara jin kansa gwani, har yana gaya wa abokan hirarsa kunnensa ne jarin gidan. Bakinsa ya mutu da aka gano ɗaya daga cikin waɗanda ya ce a sauke wani ya tsince shi ya sa masa farashin mota, sauran da ya zaɓa kuwa suna nan zaune ba mai ko tayawa.

Da haka dai sana'ar ta zama abin da take ci da shi. Wani lokaci a sayi biyu a jere ta gyara rufin ɗakin Inna, wani lokaci a yi ta shiru har ta fara tambayar kuɗin firji. Ta daina biyan masu kimantawa, ta daina kusantar duk sunan da ya yi kama da na wani, ta koyi sakin wanda ya daɗe bai motsa ba ba tare da ta yi masa kallon ban kwana ba. Amma dalilin da ke sa a sayi wannan a bar wancan, har yau bai shige ta ba.

Matan layin sun ga an sauya labule, sun ga sabuwar kwamfuta. Wata ranar hutu suka taru a falonta, mai kitso da malamar makaranta da wata mai shagon kayan miya, suka ce ta koya musu. Ta zaunar da su ta gaya musu komai tiryan-tiryan, ba ta rage ba.

Mai kitso ta ce, "Duk mun ji, Anti. Yanzu wanne za mu saya?"

"Wallahi ban sani ba."

Suka kalli juna. Malamar ta yi murmushi ta ce ba komai, kowa da sirrin sana'arsa. Sakatariya ta rantse ta sake rantsewa, rantsuwar ma sai ta ƙara tabbatar musu akwai abin da take ɓoyewa. Ta raka su bakin ƙofa suna cewa za su dawo in ta huce. Ta saki labule ta koma ciki ta kwashe kofuna.