Ranar da Aka Kaɗa wa 'Yata Ƙararrawa

Yau a Birnin Zazzau uba kan ɗauki ɗansa na fari ya kai shi awo da kansa, ba mai ko kallonsa. A shekarun alif ɗari tara da hamsin ba haka ba ne. Ni a lokacin matashi ne mai rawar kai, na dawo daga fatauci da Turanci da Larabci a bakina, aka ɗauke ni tafinta a sabon ɗakin awon jarirai wajen Ƙofar Kuyambana. Kai, na so aikin nan! Wata Baturiya ma'aikaciyar jinya takan ɗora jariri a sikeli, ta miƙa masa jan katako ta ga ko zai kama, ta zaunar da shi, sannan ta kaɗa ƙararrawa a bayan kunnensa. Kowane yaro gwaji iri ɗaya, gwargwadon watanninsa. Har Kumasi da Khartum na je, ban taɓa ganin irin wannan ba. Kakanni suna ta shewa, suna tsokanar juna a kan jikan wa ya fi nauyi.

Ran nan sai ga mahaifiyata da goyon 'yata ta fari, mai wata tara. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa ɗaukarta ba, ko sunanta ba na faɗa. Ta kama katakon caraf, ta zauna daram, zuciyata kamar ta fashe don murna. Aka kaɗa ƙararrawa, ba ta waiwaya ba. Aka sake, shiru. Baturiyar, da ba ta san 'yata ce ba, ta ce in faɗa wa tsohuwa a kai yarinyar wurin likita ya duba kunnenta cikin makon nan. Matan suka zuba mini ido, wata tana zolayata wai yau za su ji malam tafinta ya yi zancen 'yarsa. Kunya ta rufe ni. Na ce wai an ce nauyinta ya yi kyau. Mahaifiyata ta goya ta, ta tafi tana fara'a.

Na yi ta cewa gobe zan faɗa, har wata huɗu, sai da ruwa ya fara fita daga kunnen. Likita ya ceto na dama, na hagu ya riga ya mutu.

'Yan'uwa, kunya ado ce, amma kada ku kai ta inda ake duba lafiyar yaro. Abin da aka gaya muku, ku faɗe shi a ranar. Ranar da aka sallami 'yata daga asibiti, ni na ɗauko ta a kafaɗa, muka ratsa unguwa ana kallo. Tun daga ranar nake kiran sunanta, ta gefen dama.