Dokar Kamus

Tela ne, amma duk layin ba mai kiransa da sunan yanka sai Kamus. Bokonsa bai yi nisa ba. Turancinsa a wasan jera haruffa ya tsince shi, wanda suke bugawa da yamma a kan benci, tsakanin shagonsa da na amininsa mai aski. Yana taka keken ɗinki yana bita: yau kalmomin da ke ɗauke da Q, gobe masu Z, kowace da ma'anarta. Matarsa kan ce, "Da ma sunayen dangina ka riƙe haka!"

Shi ya kafa dokar bencin: ka ajiye kalma, ka faɗi ma'anarta, in ka kasa ka kwashe tarkacenka. Kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Mai aski kansa ya sha kwashe haruffansa yana tsaki, Kamus yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Aku ma ai tana magana, aboki. Tambaye ta me ta ce."

To, bara abu ya fara. Ya yanka hannun riga biyu duk na hagu. Ya ɗinke bakin aljihu ruf. Ana ta yi masa tsiya, har ranar da babbar 'yarsa ta shigo shagon aski idonta jawur.

"Baba, likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya," ta ce wa mai aski. "Mun karɓe almakashin. Don Allah kada ku raba shi da bencin nan, shi kaɗai ya rage masa."

Hankalin mai aski ya tashi ƙwarai. Ya bi 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, direba da mai gyaran waya, ya roƙe su kada wanda ya ƙara tambayar Kamus ma'ana. Kalmomin suna zuwa hannunsa har yanzu, tsaf, ba kuskure. Abin da suke nufi ne yake zubewa kamar ruwa a kwando. Aka yi ta tafiya a haka, kowa yana kau da kai.

Wata rana Kamus ya jera haruffa biyar: quilt. Ai daga bakin Kamus mai aski ya fara jin kalmar nan shekarun baya: bargo ne da ake harhaɗa ƙyallaye a ɗinka. Don ya nuna musu ma Kamus ya ɗinka guda daga ragowar yadi, kuma ga shi nan shimfiɗe a bencin, a kansa yake zaune.

"Ta yi," in ji mai aski da sauri. "Direba, kai ne."

"Ba ka tambaye ni ba," in ji Kamus.

"Haba, wa zai tambayi Kamus?"

"Tambaye ni!"

Mai aski ya tambaye shi. Kamus ya ƙura wa haruffan ido, yatsunsa suna murza gefen bargon. Wallahi mai aski ji ya yi kamar ya kama hannun nan ya ce ga ta nan, a hannunka take. Amma ya san mutumin, ba zai yafe masa ba.

Kamus ya dubi fuskokinsu, duk sun sunkuyar da kai. "Tun yaushe kuka daina tambayata?" Ya tsince haruffansa ɗaya ɗaya ya mayar jaka, ya miƙe ya tafi gida, bai ko yi sallama ba.

Mai aski bai fasa shimfiɗa bargon kowace yamma ba, ko da zai dawo. Bayan wasu watanni 'yar ta biyo da shi ta layin, tana riƙe da hannunsa. Ya tsaya a gaban allon wasan yana kallo, ya yi wa mai aski murmushi irin na ladabi.

"Bawan Allah," ya ce, "wannan wane irin wasa ne?"